Allurar da ta Ɓace Ranar Juma'a

Sufeto Nasrullahi ya kama ɓarayin shanu da na babura, amma bai taɓa zuwa neman allura ba sai wannan Juma'ar, a wani ɗakin gwajin magani da ke Gwadangaji.

Dakta Hamida, shugabar wurin, ta nuna masa na'urar da aka sace wa allura. Tsinin allurarta na daimon ne, ido ba ya ganinsa. Da shi ake danna ƙwayar garin magani a auna taurinta, don a san ko za ta jure hanya ba ta farfashe ba.

"Motsi kaɗan na ɓata aikin," in ji ta. "Shi ya sa muke aunawa lokacin Juma'a, in keke-napep sunka ɗauke. Obed muke bar wa gadi, tunda ba shi zuwa masallaci."

Obed, ma'aikacinta, na tsaye a gefe. Kowa ya riga ya yanke masa hukunci, har Sufeton ya ji tausayinsa.

"Ruwa kawai na fita saya, yallaɓai."

Sufeto ya leƙa madubin ƙara girma na na'urar. Gefen ƙwayar ya narke, ga shatin yatsa a farantin da aka ɗora ta.

"Me ke narkar da ita?"

"Danshi," in ji Hamida. "Obed kuwa ba shi taɓa ta sai da safar hannu."

A bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfa, akwai buta, ƙasanta jiƙe. Wani ya yi alwala a gurguje kenan, ya taɓa farantin da jiƙaƙƙen hannu.

Saura abokin aikinsu, Malam Muhyiddeen, wanda haɗin maganinsa ake aunawa.

"Ni Argungu niy yi Juma'a, yanzu nid dawo da motata," in ji shi.

Sufeto ya durƙusa ya duba ƙarƙashin motar. Tun safe aka yi ruwa, amma ƙasar da motar ta rufe a bushe take.

"Malam, motarka dai ba ta je Argungu ba."

Muhyiddeen ya cire hula. Allurar na cikin naɗinta, a kwalinta.

"Na san haɗina rugurguje shikai kafin ya kai ƙauye. Kunya nij ji a gani."

Da kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tafi da shi, Hamida ta duba tsinin a madubin, ta yi hamdala. Lafiya lau yake.

"Haɗin zai gyaru," ta ce. Ta miƙa wa Obed mukullin ɗakin gwajin. "Juma'a mai zuwa, kai za ka danna ƙwaya ta farko."