Wasiƙar da ke Ƙarƙashin Randa

Akwai wata yarinya a unguwar Nuzla, a birnin Jidda. Shekarunta tara. A nan aka haife ta. A gida Auta ake ce mata. Ita kuma tana kiran iyayenta Ummi da Abuya, irin na yaran Jidda.

A wancan zamani alhazai da yawa ta jirgin ruwa suke zuwa. Abuya a tashar jirgin yake aiki. Shi kaɗai ke da akwatin gidan waya a lungunsu. Gidajen ba su da lamba, don haka wasiƙar kowa ta akwatinsa take zuwa. Idan ya dawo da la'asar, sai ya miƙa wa Auta. Ita take bi gida-gida tana rabawa.

Auta tana da wa guda ɗaya, Yaya Rafi'u. Zazzaɓi ya kama shi kwana shida, Allah ya yi masa rasuwa. Tun daga ranar Ummi ta daina dariya.

Auta ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kwaikwayi kukan jakin mai ruwa. Ta zura takalmin Abuya ta yi ta tangaɗi a tsakar gida. Ummi sai dai ta shafa kanta ta ce, "Halas, ya isa haka, Auta. Je ki yi wasa."

Bayan shekara ɗaya, sai ga Abuya da baƙo. Saurayi ne siriri, riƙe da akwatin kwano.

"Wannan Malam Na'ibi ne," in ji Abuya. "Daga Kazaure yake, can Nijeriya. Wata ƙungiyar wa'azi ce ta turo shi ya koyar da yaranmu karatu. Shekara biyu zai yi, ba komawa gida sai ya cika su. A wurinmu zai zauna."

Ummi ta dube shi ta ce, "Shekarunka nawa, ɗana?"

"Goma sha tara, Inna."

Shekarun Yaya Rafi'u ke nan. Ummi ta tashi ta buɗe ɗakin marigayin da ya shekara a kulle, ta share shi.

Zaman Jidda bai zo wa Malam da sauƙi ba. Zafi ya feso masa da ƙuraje a wuya. Wake da gurasar karin safe suka riƙa murɗa masa ciki. Larabcinsa na littafi ne, idan ya yi magana a kasuwa sai yara su fashe da dariya.

Kullum bayan asuba yana bin gidaje, yana roƙon iyaye su turo yaransu. Wasu su ce, "Gobe, ya Ustaz." Wasu su rufe ƙofa tun bai gama sallama ba. Takalminsa ɗaya ne, har ya tsinke sau biyu. Duk da haka rumfar karatunsa ta fara cika.

Ummi ta ɗauke shi kamar ɗanta. Ta nemo kuka ta yi masa tuwo. Ta haɗa masa maganin ƙuraje. Har shuɗin kofin Yaya Rafi'u ta ɗauko, tana zuba masa shayi a ciki.

Auta ta ce, "Ummi, ni kin hana ni taɓa kofin nan."

"Ke za ki fasa shi."

"Shi ba zai fasa ba?"

"Baƙo ne, Auta. Ba shi da kowa a nan."

Auta ta turo baki ta fita.

Wata rana ana cin abinci, Malam ya ba da labarin ranar da ya fara ganin teku.

"Na ga ruwa har iyakar ido," in ji shi. "Na ce, kai, mutanen garin nan sun huta da ƙishirwa! Na durƙusa, na yi bisimilla, na cika hannu biyu na kwankwaɗa."

Ya yamutsa fuska, ya zaro harshe, ya nuna yadda ya yi ta tofarwa.

Sai Ummi ta yi dariya. Dariya ta gaske, har da hawaye, har tana riƙe ciki.

Auta ta ajiye lomar da ke hannunta. Shekara guda tana neman wannan dariyar. Ga baƙo ya zo ya same ta da labarin ruwan gishiri.

Abu ɗaya ne Malam yake jira a duniya: wasiƙar mahaifiyarsa. Da farko duk wata takan zo. Daga baya ta ɗauke. Wata biyar babu ko layi ɗaya.

Kullum da la'asar yana tsaye a bakin ƙofa.

"Auta, akwai tawa?"

"Babu, ya Ustaz."

"To, Allah ya kai mu gobe."

Ranar wata Litinin, Abuya ya miƙa mata wasiƙu huɗu ya wuce masallaci. Ta duba sunayen. Ta ƙarshe ta Malam Na'ibi ce. A kusurwa an rubuta da jan alƙalami cewa ta gaggawa ce.

Auta ta leƙa tsakar gida. Ga Ummi tana ɗinke wa Malam aljihun riga.

"Ya karɓe ɗakin," ta ce a ranta. "Ya karɓe kofin. Ya karɓe Ummi. To, shi ma ya ji yadda jira yake."

Ta lallaɓa bayan ƙofa, inda randar ruwa take. Ta tura wasiƙar ƙarƙashinta.

"Auta, akwai tawa?"

"Babu, ya Ustaz."

Ta zaci za ta ji daɗi. Ba ta ji ba. Talata ta sake cewa babu. Laraba ma haka. Duk lokacin da ta zo shan ruwa, sai ta kasa kallon gindin randar.

Ranar Alhamis babu karatu. Da safe Malam yana zaune yana gyaran takalminsa. Ya kira Auta. A gabansa ga shuɗin kofin nan, an wanke shi tas.

"Ungo," in ji shi. "Sai jiya Inna ta faɗa mini ko na wane ne. Na daɗe ina ganin yadda kike kallonsa. Ke kika fi cancanta da shi."

Auta ta kasa miƙa hannu.

"Ban zo don in maye gurbin yayanki ba," ya ce. "Ba wanda zai iya. Ni ma na san rashi. Mahaifina ya rasu ina kamar ke. Iya kaɗai ta rage mini, ga ta ta tsufa." Ya sunkuyar da kai. "Wata biyar shiru. Tsoron da nake ji, kada a ce ita ma ta tafi ba wanda ya faɗa mini."

Auta ta juya a guje. Ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin randa. Ta manta randar ƙasa tana tsattsafo. Wasiƙar ta jiƙe sharkaf.

Ta kawo ta da hannu biyu tana kuka.

"Tun Litinin ta zo. Ni na ɓoye ta."

Ummi ta fito daga madafa. Abuya ya ajiye kofin shayinsa. Malam ya ɓare takardar a hankali. Tawada ta zube, rabin rubutun ya tafi. Ya karanta abin da ya rage.

"Iya ta zo aikin Hajji! Ta ƙasa suka biyo, ta Sudan. Shi ya sa shiru." Ya matso da takardar kusa da ido. "Suna masaukin alhazai na bakin tasha tun Litinin. Jirginsu zai tashi Alhamis bayan azahar."

"Yau ke nan," in ji Ummi.

"Wane rukuni take?" in ji Abuya. "Wane ɗaki?"

"Wurin ya goge, Baba."

Abuya ya dubi Auta. "Amanar mutanen lungun nan na ba ki. Abin da kika yi da ita ke nan?" Ya miƙe. "Faɗa sai mun dawo. Yalla, yi sauri, sa takalminki. Maza ba sa shiga ɓangaren mata. Ke za ki nemo ta."

Suka tari mota zuwa tasha. Masaukin ya cika maƙil. Ko'ina ƙunshin kaya da gorunan Zamzam. Ana ta kiran mutane su yi layi.

"Sunanta Dela," in ji Malam. "Gajeriya ce, tana da zane uku a kumatu."

Auta ta shiga. Ɗaki na farko, babu. Na biyu, Dela har biyu, amma ba ita ba. Can jirgi ya yi ƙara mai tsawo. Auta ta hau kan wani buhu, ta buɗe murya iya ƙarfinta.

"Ina mahaifiyar Malam Na'ibi? Malam Na'ibi na Kazaure!"

Ba wadda ta amsa. Ta sake kira. Sai ta hangi wata tsohuwa a kusurwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Matar da ke kusa da ita ta ɗaga hannu.

"Ke yarinya, ga ta nan!"

"To, me ya sa ba ta amsa ba?"

"Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunyarsa take ji. Kwana uku tana zaune a bakin ƙofa. Duk wanda ya wuce sai ta ce, ko ka ga yaron nan? A ce wane yaro, sai ta yi shiru. Wanda ya rubuta mata wasiƙar kuma jirginsu ya riga ya tafi."

Kwana uku. Auta ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Ta kama hannun tsohuwar ta ce, "Taso, Kaka. Yana waje."

Da Malam ya gan ta, sai ya zube a gabanta. "Iya! Iya, ashe Arfa ɗaya muka tsaya ban sani ba!"

Iya Dela ba ta dube shi ido da ido ba. Ta kawar da kai gefe, hawaye na bin zanen kumatunta. Ta taɓa kafaɗar Auta.

"Ki ce wa yaron nan ya rame."

Auta ta juya. "Ya Ustaz, ta ce ka rame."

"Ki ce mata zafi ne, amma ina lafiya. Ki ce mata yarana talatin da ɗaya yanzu."

"Kaka, ya ce yaransa talatin da ɗaya."

"Ki ce masa ya riƙe aikin da aka turo shi. Kada ya dawo sai ya cika. Ki ce na yafe masa duniya da lahira."

Auta ta isar da kowane saƙo. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Iya Dela ta kwance wani ƙulli. Daddawa ce da kuka, tun daga Kazaure take ɗauke da su. Ta miƙa wa Auta, Auta ta miƙa wa Malam.

Sai Auta ta durƙusa. "Kaka, ni ce na ɓoye wasiƙarki. Da kwana uku za ku yi tare."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. "Me ya yi miki?"

"Ba komai. Ummina ce take sonsa."

"Ashe akwai mai kula mini da shi," in ji Iya Dela. "To, ki gode mata. Ke kuma kin ɓata, kin gyara. Tashi, jikata."

Ba su fi sa'a ɗaya tare ba aka kira layinsu. Malam ya ɗaukar mata kaya har bakin tsani. Sai da za ta hau, ta ɗora hannu a kansa sau ɗaya.

A gida Abuya ya yanke hukunci. Wata guda Auta ba za ta taɓa wasiƙar kowa ba. Ta ce ta yarda. Ta je ta ba Malam haƙuri.

"Kin rage mini kwana uku," in ji shi. "Ba zan ce bai yi mini zafi ba. Amma da kin yi shiru yau, da ko sa'a ɗayar ban samu ba. Na yafe."

Da la'asar Ummi ta jawo ta jikinta.

"Kin zaci na ba shi wurinki?"

Auta ta gyaɗa kai. "Shi kika yi wa dariya. Ni ba ki yi mini ba."

Ummi ta rungume ta sosai. "Laifina ne da na bar ki kina ta jira. Baƙin ciki ne ya rufe mini ido. Wurinki naki ne, ya binti, 'yata. Ba mai zama a ciki." Ta share mata hawaye. "To, faɗa mini, yaya kika yi kika samo ta cikin wannan taro?"

Auta ta hau kan turmi. Ta riƙe ƙugu, ta buɗe murya kamar yadda ta yi a masauki. Jakin mai ruwa da ke wucewa a lungu ya amsa mata da kuka.

Ummi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wannan karon ta Auta ce.

Daga ranar shuɗin kofin ya zama na su biyu. Malam ya sha da safe, Auta ta sha da yamma. Da watan ya cika, Abuya ya mayar mata da rabon wasiƙu. Idan ta Kazaure ta zo, da gudu take kai ta.

Yara, kishi yana sa mutum ya cuci wanda bai yi masa komai ba. Idan kun ga iyayenku suna kyautata wa baƙo, ba a rage muku komai ba. Idan abu ya dame ku, ku faɗa musu. Saƙon da aka ba ku kuma amana ne, ku kai shi a kan lokaci.