Buhun Cittar Iri

Ruwan sama ne ya kora Yafet ƙarƙashin rumfar Nkiru a kasuwar Kafanchan. Shayin ganye take sayarwa cikin ƙananan ledoji: zogale, zoɓo, na'ana'a, kanumfari da citta. Shi kuwa manomin citta ne daga Samaru Kataf. Ya ɗauki gutsuren citta ɗaya, ya shinshina, ya ajiye.

"Wannan ta gaji a sito," in ji shi. "Ba ta da zafi."

"To, malam, kawo mai zafin. Baki ba ya dafa shayi."

Ya kawo. Kafin damina ta wuce tana kiransa Sarkin Citta, shi yana kiranta Mai Shayina.

Mahaifinta, Mista Ifediora, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, bai yarda da maganar aurensu ba. Hankalinsa yana kan Chibuikem, ɗan abokinsa mai kantin magani.

"Manomi?" in ji shi. "Bayan cuta ta cinye citta a gonaki? Da me zai riƙe ki?"

Abu ɗaya Yafet ya sani game da tsohon: ba ya karya kumallo sai da shayin citta da zogale daga hannun 'yarsa. Da lokacin shuka ya gabato, ya shiga ɗakin ajiyar mahaifiyarsa, Mama Martha, ya zaɓi citta mafi ƙiba daga wani buhu da ke lungu, ya kai wa Nkiru. Ta fere, ta shanya, ta daka.

Ranar Asabar da safe saƙonta ya shigo wayarsa:

"Sarkin Citta, wannan karon ka yi ƙoƙari. Papa ya sha kofi biyu, har ya tambayi inda na samo. Yau zan faɗa masa."

Yana cikin murmushi ya ji muryar Mama Martha daga ɗakin ajiya.

"Yafet! Wa ya taɓa buhun iri?"

"Ni ne, Mama. Kaɗan na ɗiba wa Nkiru."

"Yesu! Na jiƙa shi cikin magani ranar da ka tafi garin Gidan Waya! Mai sayarwa ya ce ko akuya kada ta lasa."

Tun bayan cutar, haka manoma da yawa suke yi wa iri kafin shuka. Yafet ya san wannan. Tambaya ce bai yi ba kafin ya taɓa buhun.

Ya kira Nkiru, wayar ba ta shiga ba. Ya rubuta:

"Mai Shayina, kada ki sayar, kada Baba ya ƙara sha. Cittar iri ce, an jiƙa ta da maganin gona. Ina hanya."

Saƙon bai tafi ba. Ya hau babur. A hanya zuciyarsa ta ce masa an fere cittar, an shanya, wataƙila ba abin da zai faru, kuma in ya buɗe baki auren ya mutu. Bai rage gudu ba.

Ya tarar da Mista Ifediora a baranda tare da Chibuikem, Nkiru tana zuba musu ruwan zafi. Ko gaisuwa bai gama ba.

"Baba, kada ka sha. Cittar da na kawo akwai maganin gona a jikinta. Ban sani ba sai yau."

Nkiru ta ajiye butar a hankali. Chibuikem ya miƙe.

"Ka gani, Papa? Guba ya kawo maka har gida."

Tsohon bai kalli ko ɗayansu ba. Ya juya ga 'yarsa.

"Kin sayar wa mutane?"

"Na sayar, Papa."

"To me kuke jira?"

Chibuikem ya kai tsohon asibiti. Likita ya duba shi, ya ce bai ga alamar da za ta tayar da hankali ba, amma a sa masa ido. Nkiru ta hau bayan babur ɗin Yafet ba tare da ta riƙe shi ba, suka bi gidajen masu saye suna karɓar ledojin. A kowace ƙofa shi yake fara magana.

"Laifina ne, Mama, ba nata ba."

Wata ta gode. Wata ta jefa musu ledar a ƙasa, ta ce ita da rumfar Nkiru har abada. Ba wanda ya kwanta ciwo, amma labari ya zaga kasuwa, ciniki ya faɗi.

Nkiru ta daina ɗaukar wayarsa. Ya rubuta mata sau ɗaya:

"Na ɓata miki sunan da kika gina. Ba zan ce ki yafe ba. Ki dai gaya mini ko Baba yana lafiya."

Ba amsa. Ya shuka sauran irin, ya rame, wayar tana aljihun rigarsa ko a gona. Citta ta tsiro kafin saƙo ya zo:

"Papa lafiya. Ya ce ka zo Lahadi bayan sujada. Ka zo da manyanka. Ni kuwa ban gama fushi ba, Sarkin Citta."

A gaban kawunan Yafet, Mista Ifediora ya yi magana a taƙaice.

"A reluwe kowa yana kuskure. Wanda ya manta juya layi, in ya yi ihu, muna tsayar da jirgi. Wanda ya yi shiru shi yake kashe mutane. Yaron nan ya yi ihu. Ku zauna mu yi magana."

An yi bikin kafin Kirsimeti. Bisa al'adar Ibo, uban ya cika ƙoƙo da bammi ya ba Nkiru ta nemo mijinta cikin taro ta miƙa masa. Ta wuce samari suna miƙa hannu, ta durƙusa gaban Yafet. Ya karɓi ƙoƙon.

"Riƙe da kyau," ta ce masa a hankali. "Papa yana kallo."

Ya shanye duka. Tsohon ya ɗora musu hannu a ka.

"Ubangiji ya ba ku salama, ya ba gonarku albarka."

Mama Martha ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.