Tabon Ƙodar Hanifa

Da ta dawo daga asibiti, a ƙofar gidansu da ke unguwar Yakité Hanifa ta tarar da Uwaisu, ya jingina da babur yana danna waya. Bikinsu ya matso, amma tun da aka kwantar da ita a asibiti bai leƙa ta ba.

"Rabin raina... haka kika kumbura?"

Ta dubi ƙafafunta da suka ƙi shiga takalmi, ta ɗago ta watsa masa kallo.

"Gaisuwarka ke nan?"

"Shago ne ya riƙe ni, kin san kasuwar Kilomita Biyar. Me likita ya ce?"

"Hawan jini ne ya daɗe yana cin ƙodata ban sani ba. Duk inda ta ji rauni sai tabo ya maye gurbin naman, tabo kuwa ba ya tace jini. Ɗan wurin da ya rage da lafiya shi ke ɗaukar aikin duka, ya gaji, shi ma ya koma tabo."

"To yaushe zai goge?"

"Ba ya gogewa. Magani dai yana rage masa gudu."

Ya sosa ƙeya, idonsa a ƙasa.

"Dama Hajiyarmu ce ta ce... a ɗan ɗaga bikin, har ki warke."

Wata dariya ta ƙwace mata.

"Yanzun nan na ce maka ba a warkewa! Ka rasa bakin cewa ka fasa, sai ka laɓe a bayan zanin Hajiya? Ƙato da kai, ga gemu har ƙirji!"

"Wallahi ina son ki, Hanifa!"

"Singila mingi," ta ce da yaren Sango, tana taɓe baki. "Na gode ƙwarai. Kai wa mai lafiya son naka."

Daidai nan Baffa Idi, wanda ya raine ta tun rasuwar mahaifinta, ya dawo daga Masallacin Koudoukou. Uwaisu ya durƙusa zai gaishe shi.

"Baffa," in ji Hanifa, "a mayar musu da akwatunansu yau."

Tsohon ya ƙare wa saurayin kallo daga hula zuwa takalmi.

"Tashi, kada ka ɓata wandonka."

Sai da ƙarar babur ta yi nisa sannan ta shige gida. Ta zube a soro tana kuka kamar ranta zai fita.

"Baffa, ina son sa fa..."

"Na sani, 'yata." Ya kama hannunta. "Taso ki sha maganinki. Gobe ni zan raka ki asibiti."