Ruwan Zafi a Lungun Zaitawa

Rana ta yi ja a kan Goron Dutse, ladanai sun fara gyaran murya. Bahijja tana kwashe shanya a tsakar gidansu da ke Zaitawa, sai ta ji huci daga saman banɗaki, irin na tukunyar da ta tafasa. Ruwa ya biyo bututu ya zuba a lungun bayan banɗakin. Can sai kukan jariri ya taso daga lungun, siriri, mai ratsa kunne. Babu jariri a gidan. Ta tsaya da zani a hannu, har kukan ya yanke kamar an toshe bakin mai yin sa.

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki ne mahaifinta, Alhaji Ashafa mai fataucin fatu, ya sa aka kafa tankin da ke ɗumama ruwa da zafin rana. Saboda mahaifiyarsa ya yi, Hajiya 'Yardada, wadda sanyin ƙashi ya zaunar, ba ta miƙewa sai an kama ta. Isyaku mai aikin famfo ne ya ɗora tankin da gilashinsa a kan rufin banɗaki, ya ɗaura masa wani ɗan bawul a ka.

"Alhaji, idan ruwan ya tafasa ya rasa mafita, tankin fashewa zai yi," in ji shi. "Wannan bawul ɗin da kansa zai buɗe ya rage."

Daga bawul ɗin ya ja bututu zuwa lungun, wani matsattsen wuri tsakanin katanga biyu da ba mai takawa, don kada ruwan ya ƙona kowa.

Washegarin kukan, da magariba, aka fara jifa. Hoge ne ke faɗowa tsakar gida, jiƙaƙƙe, yana tururi. Alhaji ya hau soro ya duba gidajen maƙwabta, bai ga kowa ba. Ya sauko. Haka aka ci gaba. Duk yammacin da bawul ya yi huci, sai kuka, sai jifa. Gidan ya yi tsit, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, kaji ma suka daina zuwa bakin lungun.

Da abin ya ishe shi, wata safiya Alhaji ya hau da kansa ya ɗaure bawul ɗin da waya, ya cusa tsumma a bakin bututun. Ranar an yi rana mai zafi. Bayan la'asar tankin ya fara gurnani.

A lokacin ne Hajiya 'Yardada ta fito daga ɗakinta, a tsaye cak, ba sanda, ba mai riƙo. Ta tako tsakar gida kamar budurwa, ta tsaya gaban ɗanta.

"Ashafa," ta ce.

Alhaji ya ja da baya. Shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Muryar ma ba tata ba ce.

Ya aika aka ɗauko Malam Salihu, wani dattijo masani da ke zaune gindin Goron Dutse, aka kuma kira Isyaku. Malam ya shigo da sallama, ya dubi tsohuwar, ya dubi lungun, ya zauna a tabarma ya fara karatu a hankali. Inuwa ta cika gidan. Tsohuwar tana tsaye ba ta ko ƙifta ido, har ya kai wata aya, sai ta durƙusa ta toshe kunnuwa.

"Ya isa, Malam! Ni ma mai salla ce."

"To me ya kai mai salla jikin tsohuwa mara lafiya?"

"Don ita ake dafa ruwan." Muryar ta ci gaba: "Tun kakan wannan bai gina gidan nan ba muke lungun. Matan gidan in za su zubar da ruwan zafi sai sun yi bisimilla, mu ji, mu kauce. Wannan ƙarfen fa? Ba baki, ba sallama. Ɗana yana barci ya zubo masa. Bayansa duk ya saɓule."

Bahijja ta rufe bakinta da mayafi. Alhaji ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ga shi na toshe."

Tsohuwar ta yi wani murmushi, ta ɗaga kai sama inda tankin ke gurnani, ƙarfensa yana ƙas-ƙas.

"Na gani. A bar shi a toshe. Zan zauna da ita a ƙarƙashinsa, ku ma ku ji abin da na ji."

Ta rarrafa ta zauna daidai ƙofar banɗakin. Isyaku ya ce, "Malam, ko yanzu yana iya tashi. In na kwance kuma, a lungun zai zuba."

Malam bai ɗaga murya ba. "Baiwar Allah, an cuce ki, amma ba da gangan ba. Abin da kike shirin yi kuwa da gangan ne, kin san wanda zai tambaye ki. Ɗauke yaron. Za a zuba sau ɗaya, da bisimilla, shi ne na ƙarshe."

"Gobe fa?"

"Gobe bututun zai bar lungunki. Za a mayar da shi cikin duro mai murfi, ruwan ya huce, mutum ya zubar da hannunsa, da sunan Allah a bakinsa."

Tankin ya sake wata ƙara, ƙura ta zubo daga rufin a kan kallabin tsohuwar. Alhaji yana kuka ba sauti.

"A kuma toshe bakin lungun da gini," in ji muryar. "Kada in ƙara ganin ƙafar kowa."

"An yarda."

Tsohuwar ta yi atishawa mai ƙarfi ta kife, Bahijja ta tare ta. Malam ya yi bisimilla da ƙarfi, Isyaku ya zare tsumman, ya hau ya kwance wayar da filaya. Tururi ya turnuƙe lungun, ruwa ya yi ta zuba. Ba a ji kuka ba.

Washegari da hantsi Isyaku ya sauya wa bututun hanya, magina suka kwaɓa ƙasa. Hajiya 'Yardada, wadda ba ta tuna komai ba sai da jikarta ta ba ta labari, ta ce a kama ta a kai ta bakin lungun kafin a rufe. Alhaji ya so ya hana, ta dube shi, ya ƙyale ta. Aka zaunar da ita a kujera. Ta leƙa cikin duhun, ta yi sallama kamar yadda ake yi a ƙofar maƙwabciya.

"Ku yafe mana," ta ce. "Ya mai jiki?"

Magina suka sunkuyar da kai, suna jin kunyar tsohuwa mai magana da bango. Sai daga can ƙuryar lungun, inda ko kyanwa ba za ta iya juyawa ba, wata murya ta mace ta amsa a hankali:

"Da sauƙi."