Alayyafon da Aka Saka a Firiza

Auta ta ɗaga ganye ɗaya daga kwandon, ya narke mata a hannu kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

Alayyafonsu ne. Jiya da sassafe ta yanko shi a lambun Innarta, kore shar, raɓa na ɗiga. Yau ga shi baƙi wuluk a kan teburin kicin ɗin makaranta.

Babbar mai girki ta riƙe ƙugu tana gaya wa hedimasta wai dama ta faɗa, ƙananan manoma ba su san tsafta ba, a soke sunansu a mayar da odar abincin yara ga dillalin da ke kawo kaya a mota. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa a kicin ɗin ya sani. Ba ganye ne ya tsone mata ido ba. Mai sito ɗan yayanta ne, ta daɗe da ware masa 'yarta, sai ga 'yar mai lambu ta shiga tsakani.

Auta ta dubi mai sito. Ya sunkuyar da kai.

Wata bakwai ke nan kullum safiya tana kawo kwando yana aunawa. Allurar sikeli ta daɗe da tsayawa, shi kuwa yana can yana kallonta...

Rabin raina, haka yake ce mata a hankali. Takan koma gida kamar iska ce ke ɗauke da ita, tana hango wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon lambu, da shi a ciki.

Ana cikin haka Inna ta faɗo kicin ɗin, laka har idon sawu, don labari ya iske ta a bakin rijiya. Ba ta gaida kowa ba. Ta ce tun rasuwar mijinta lambun nan ke riƙe da gidanta, kuma ba a haifi wanda zai ɓata mata suna tana tsaye ba. Ta ɗauki ganyen, ta sansana, ta matse karan.

"Ruɓaɓɓen ganye wari yake yi. Wannan ƙanƙara ce ta kashe shi. Wane mara kan gadon ne ya saka min ganye a firiza?"



Babbar mai girki ta zabga wa ɗan yayanta harara. Ita da kanta ta ciro kwandon daga firiza da safen nan, ta kuma ja masa kunne ya kama bakinsa in yana son aikinsa.

"Ni ne, Inna."

Mai sito ya ce jiya da rana sito ya yi zafi kamar tanda, ya ga ganyen ya fara langaɓewa, zuciyarsa ta kasa ɗaukar a ce abin da hannun Auta ya taɓa ya yi yaushi. Sai ya wanke shi ɗaya bayan ɗaya, ya matsar da nama, ya ba shi wurin da ya fi ko'ina sanyi.

"Duk bokon nan naka, ba ka san jiƙaƙƙen buhu da inuwa ganye yake so ba?"

Hedimasta ya ce lambu ba shi da laifi, oda na nan. Amma ya miƙa hannu ya karɓi makullin sito. Babbar mai girki ta ce wa ɗan yayanta ya je ya auri laka, babu ruwanta.

A bakin get Auta ta cim masa, idonta fal hawaye.

"Masoyi, aikinka fa..."

"Da na yi shiru, da wane idon zan dube ki gobe?"

Da maganar aure ta taso, Inna dai ba ta sauko nan take ba. Ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da in ya ga ta yi gumi zai jefa ta a firiza ba. In da gaske yake, ya same ta a lambu da safe.

Ya zo. Ta yanka masa kunya biyu na shuka ta ce nasa ne. Hannunsa ya yi bororo ya fashe, ya sha faɗa har ya daina ƙirgawa. Auta na can ɗaya gefen tana ban ruwa, in suka haɗa ido sai ruwa ya yi ta malala a kunya guda har Inna ta yi gyaran murya.

Ranar da nasa alayyafon ya isa yanka, shi ya ɗauki kwandon zuwa makaranta, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, Auta na gefensa. Gwaggon tasa, babbar mai girki, ita ce ta karɓa. Ta juya ganyen nan gaba da baya tana neman aibu. Ta dubi kantar da ke tafin hannunsa, ta daɗe tana kallo.

"Ke," ta ce wa Auta, ba ta ɗago ba. "Ki gaya wa Innarki ta share tsakar gida. Muna tafe da iyayensa maza ranar Asabar."