Fitilar da Sallau Bai Kashe Ba

Ku matso, ku rage murya. A bakin matar Sallau na ji wannan, ita kuwa ba mai yawan magana ba ce.

Sallau yana aiki da masu binne zaren gilashin nan a gefen titi, wanda maganar waya ke bi. Siriri ne kamar gashin kai, haske ke gudu a cikinsa. A ɗakin injinsu na dajin hanyar Ringim akwai fitilu biyu 'yan mitsi-mitsi, leza ake ce musu. Babbar tana zuba wa ƙaramar haskenta, ƙaramar sai ta kama takunta, ta kwashi saƙo a guje. Ma'aikata na kiransu uwa da 'ya. Ido ba ya ganin hasken, amma hasken yana ƙone ido.

Ran nan Sallau ya kashe uwa, ya manta 'ya tana ci da kanta. Mati, abokin aikinsa, ya ɗaga murya daga cikin rami.

"An kashe?"

"An kashe. Leƙa."

Mati ya leƙa bakin zaren, idonsa na dama ya tafi. Da manya suka zo bincike Sallau ya sunkuyar da kai. Aka ce gangancin Mati ne, aka sallame shi.

Wata huɗu Sallau ba ya cinye tuwonsa.

Wata Laraba aka tura shi ɗakin shi kaɗai, rana tsaka. Ba mota, ba iska, ko kukan kurciya babu. Ya duba na'ura. Uwa lafiya lau. 'Ya kuwa ta bar takun uwa, tana bin wani haske daga ƙarshen zaren da ba a haɗa da komai ba.

Sai ya ji sallama.

Tsoho ne dogo, rawaninsa ya rufe gefe ɗaya na fuska. Yashin bakin ƙofa bai nuna sawunsa ba.

"Sannu da aiki, Malam Sallau."

Bakin ya riga ya rufe kafin muryar ta iso. Kuma muryar Sallau ce, tasa ta kansa.

"Baba, daga ina?"

"A ƙarƙashin nan muke. Duk abin da ya bi zarenku muna ji. Maganar da aka haɗiye ma muna ji."

Tsohon ya ɗauki bakin zaren ya miƙo. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"An kashe. Leƙa."

Wuyan Sallau ya fara sunkuyawa ba da sonsa ba. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi. Zaren ya matso har yana taɓa gashin idonsa.

"Ban kashe ba!" Da ƙyar ta fito. "Wallahi ni ne. Ba Mati ba ne."

Zaren ya faɗi ƙasa. Babu kowa. Can nesa wata mota ta wuce.

Bai ko kulle ɗakin ba. Ya sami Mati a ƙofar gida yana gyaran rediyon maƙwabta, ya karkatar da kai don ya gani da hagu. Sallau ya durƙusa ya faɗi komai.

Mati ya daɗe yana juya sukurdireba.

"Yarana sun ɗauka ubansu sakarai ne," ya ce. "Shiga ka gaya musu. Manya sai gobe."

Sallau ya cire takalmi ya shiga.

Har yau idon Sallau na dama yana zubar da ruwa duk tsakar rana. Ku dai, in hanya ta bi da ku ta ɗakin nan, kada ku tsaya ku kaɗai. Balle da maganar da kuka haɗiye a ciki.