Ɓarawon da Ya Tuɓe Takalmi

Da hantsi Huzaifa ya buɗe ɗakin marigayi mahaifinsu a Hunkuyi, ya ga wayam: babu kujerar.

Ba kujerar banza ba ce fa. A Ingila aka ƙera ta zamanin Sarauniya Biktoriya, jan karan-miski ne rufinta, cikinta gashin doki. Wani Bature ya bar wa kakansu da ya yi masa kuku. Kafin mahaifinsu ya rasu ya ba Huzaifa, autansa ɗan boko, kyautarta, kuma ranar Asabar masana tarihi za su zo daga Zariya su gan ta.

Huzaifa ya kai ƙara wurin 'yan sanda, aka turo Sufeto Lawal, mutumin da bai cika surutu ba. Ya duba kwaɗo, lafiya lau. Ya tsuguna bakin ƙofa, inda ruwan jiya ya jiƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Wa kake zargi?"

"Sada dillali, ranka ya daɗe," in ji Huzaifa. "Ya sha zuwa yana lallaɓa ni in sayar."

Aka kira Sada, ya zo yana gumi.

"Ka taɓa shiga ɗakin nan?"

"Wallahi daga taga na hango ta!"

"Ta yaya za ka fitar da ita?"

Sada ya kalli ƙofar, ya buɗe hannuwa, ya girgiza kai. "Sai dai a cire ƙyauren."

Sufeto ya sallame shi. Ya juya ga Ja'afaru, yayan Huzaifa, wanda tun ɗazu ke jingine da bango yana ɓare gyaɗa kamar abin bai shafe shi ba.

"Malam Ja'afaru, wa ya saba fitar wa Baba da kujerar zuwa inuwa?"

"Ni, tun ina saurayi."

"To ai shi ke nan. Ƙofar nan ta yi mata kaɗan, sai wanda ya san yadda ake karkata ta, ga shi ko ƙwarzane babu a katakon. Sawun takalmi ya tsaya a waje, na ƙafa ya shiga ciki. Buzun da ke kanta an naɗe shi tsaf, an ɗora carbi a kai. Ɓarawon da ke tuɓe takalmi a ɗakin mamaci, ɗan gida ne."

Gyaɗar ta zube. A rumbunsa aka sami kujerar, lulluɓe da babbar rigarsa ta Sallah.

"Haba Yaya!" in ji Huzaifa. "Me ya yi zafi?"

"Kishi nake, ba zan ɓoye ba!" in ji Ja'afaru. "Kana Kaduna ina nan ina dakonta, rana da damina. Ni na san ƙafarta mai ciwo. Amma ranar Asabar kai za ka tsaya gefenta a ɗauke ka hoto, a ce magaji."

Huzaifa ya sunkuyar da kai, ya ce ya janye ƙara. Sufeto ya sa hularsa, har ya kai zaure ya waiwayo, ya dubi Ja'afaru.

"Da ka same ta kai kaɗai, ka zauna a kai?"

Ja'afaru ya share ido da bakin riga.

"Na gwada, ranka ya daɗe, na kasa. Baba bai taɓa ce mini zauna ba."